Yadda muka bi diddigin abin da ke korar ma'aikata a sashenmu

A wajen aikinmu akwai sashen da ke amsa kiran kwastomomi, mutum ya zauna da abin kunne tun safe har yamma ko daga yamma har dare yana shan ƙorafin jama'a, to wannan sashen ya koma kamar tasha, wannan na shiga wancan na fita. A ɗauki yaro a ɓata lokaci a koya masa aiki, ya fara gane kan abun kenan sai ka ga takardar ajiye aiki. Ni ina ɓangaren kula da ma'aikata ne, duk takardun nan ta hannuna suke bi. Manajanmu kuwa ya gama yanke hukuncinsa tun kafin a tambayi kowa, wai yaran yanzu ba su da haƙuri, kuɗi kawai suka sani, wani wuri ya ɗan ƙara musu abu kaɗan sun yi gaba. Aka kira ni aka ce in haɗa rahoto a kai, kuma daga yadda aka yi maganar na gane rahoton da ake jira shi ne wanda zai ce eh ranka ya daɗe, haka abun yake.

Akwai wata baiwar Allah a ofis ɗinmu, ta girme ni sosai, Anti muke ce mata, ilimin zamantakewa ta karanta a jami'a amma aikin shigar da bayanai a kwamfuta aka ba ta, babu wanda ya taɓa tambayarta ra'ayi a kan komai. Ita na fara kai wa maganar. Ta ce ƙanena kafin ka rubuta ko layi ɗaya, je ka ɗebo mana fom ɗin da ake rabawa duk shekara mu gani.

Na ɗebo. Irin fom ɗin nan ne mai mataki biyar, na gamsu ƙwarai, na gamsu, ina tsakiya, ban gamsu ba, sam ban gamsu ba. Ashe tsarin ma tsoho ne, wani Ba'amurke Rensis Likert ya fito da shi a 1932, kuma shi tsarin ba shi da laifi. Muka baje su a tebur muka ware na mutanen da suka riga suka tafi, wallahi kusan dukkansu "na gamsu" suka zaɓa, har da wanda bai fi 'yan makonni da cikewa ba ya tattara nasa ya nasa, shi "na gamsu ƙwarai" ma ya sa. Anti ta sa yatsa a saman takardar ba ta ce komai ba. Suna, lambar ma'aikaci, a ƙasa kuma wurin da sufabaiza zai sa hannu. Wato ka rubuta ra'ayinka a kan mai gidanka sannan ka miƙa masa ya sa hannu. Wa zai faɗi gaskiya?

Nan ta ba ni labarin Richard LaPiere, malamin jami'ar Stanford, da ya zaga Amurka da wasu mata da miji 'yan ƙasar Sin lokacin da ake tsananin ƙyamar 'yan Asiya a can. Otal-otal da gidajen abinci 251 suka shiga, wuri ɗaya tak aka ƙi karɓarsu. Bayan an kwana biyu ya aika wa wuraren wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi baƙi 'yan Sin, 128 suka ba da amsa, sama da kashi 90 cikin 100 suka ce a'a. A 1934 ya wallafa abun. Masana sun yi ta sukar yadda ya tsara binciken, ai ba lallai wanda ya amsa wasiƙar shi ne ya tarbe su a ƙofa ba, amma dai gundarin maganar na nan, abin da mutum ya rubuta a takarda daban, abin da ƙafarsa za ta yi daban. Namu mutanen sun rubuta sun gamsu, ƙafafunsu kuma sun nufi ƙofa.

Na ce to mu yi sabon fom mara suna a Google Forms mu tura wa kowa ta WhatsApp, mutum ya cike a wayarsa a gida. Ta ce za mu yi, amma ka tuna waɗanda ke nan yanzu su ne waɗanda suka iya jurewa, masu amsar da muke nema sun tafi. Yawan fom ba ya gyara wannan. Mujallar Literary Digest a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon ne zai ci, sai ga Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen daga littafin lambobin waya da rajistar motoci aka ɗebo da yawansu, a lokacin da talaka ba shi da waya balle mota, kuma waɗanda suka damu suka maido da takardar ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. Shi kuwa George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, mutanen da ya tambaya ba su kai ko kusa da wannan yawan ba amma ya faɗi wanda zai ci daidai.

Rubuta tambayoyin ya ci mana lokaci fiye da yadda na zata. Manaja ya turo nasa a saka, ɗaya a ciki wai "shin kana ganin albashi da yanayin aiki sun dace?" Anti ta ce wannan tambaya biyu ce a riga ɗaya, wanda albashi ya masa amma yanayin bai masa ba me zai zaɓa? Muka raba ta. Wata kuma ta fara da "ganin irin ƙoƙarin da kamfani ke yi", muka cire kan gaba ɗaya tunda ya riga ya nuna wa mutum amsar da ake so. Sai maganar shekaru da jinsi da tsawon zama a aiki da rukunin da mutum yake, ni na ɗauka tunda babu suna shikenan an ɓoye mutum, ashe in rukuni ƙarami ne kana haɗa waɗannan huɗun ka san waye, mace ɗaya ce ta daɗe a rukunin dare, ko ba ta rubuta suna ba ai ta rubuta. Muka rage su, muka kuma sa wa kanmu doka ba za mu fitar da sakamakon ƙaramin rukuni shi kaɗai ba. Kafin mu tura muka ba wasu 'yan kaɗan su cike a gabanmu suna faɗin abin da suka fahimta da kowace tambaya, a nan muka ga wata tambayar da mu muke nufin hutun cin abinci su kuma suka ɗauka hutun shekara ake nufi.

Fom ɗin ya dawo da ɗan haske, "ban gamsu ba" ta fara bayyana, amma ainihin naman yana wurin kiran waɗanda suka tafi, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Wasu ba su ɗaga ba. Wasu na jin sunan kamfani suka ɗauka katin shaida za a ce su maido ko wani bashi ake binsu, sai na yi ta bayani, ba dole ba ne, ba za a rubuta sunanka ba, kana iya katsewa duk sanda ka so, kuma ba na yin rikodin sai ka yarda. Wani ya ce malam lokacin da nake wurin wa ya tambaye ni, sai yanzu? Ya kashe wayarsa. Ban ga laifinsa ba.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a duk aikin shi ne yadda ake jefa tambayar. In ka ce "me ya sa ka bar aiki" amsa ɗaya ce, na samu wani wuri da ya fi, shikenan an rufe ƙofa cikin mutunci, babu wanda aka ɓata wa. Anti ta ce kar ka nemi dalili, nemi labari. Haka Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka yi a binciken da suka fitar a 1959, injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, ba su ce musu me kuke so a aiki ba, cewa suka yi ba mu labarin lokacin da ka ji daɗin aikinka sosai da lokacin da ranka ya ɓaci sosai. Sai na koma cewa, don Allah ki tuna min ranar da kika fara cewa a ranki anya zan ci gaba da aikin nan, me ya faru a ranar? Sannan in yi shiru. Shirun nan akwai wuya, bakinka na ƙaiƙayi ka taimaka wa mutum da amsa, amma in ka daure sai ka ji an ja numfashi an fara.

Wata ta ce min ranar tana gida da daddare ta gama shirya wadda za ta riƙe mata yaro da safe, sai saƙo ya shigo guruf wai an maida ita aikin yamma gobe. Ta kira mai riƙon ta ce ba za ta samu da yamma ba, ta kira wata, ta kira wata, har dare ya raba tana kan waya, washegari ta zo a makare aka rubuta mata gargaɗi. Ta ce yaya ni ba aikin ne ya fi ƙarfina ba, kwastoma ya zage ni in shanye, amma ban taɓa sanin jibi ina nake ba. Wani yaro kuma karatun yamma yake yi, ya roƙi a bar shi a safe ranar jarabawa, aka ce to, ana gobe jadawali ya fito da sunansa a yamma. Da na tambaye shi inda ya koma sai ga shi albashin wurin bai kai namu ba, ya ce amma tun farkon wata ya san ranakunsa.

Duk hirar da na gama sai in zauna nan take in rubuta ta kafin ta huce, da kalmomin mutumin ba nawa ba. Muka yayyanka maganganun a ƙananan takardu, ni na kasa su kashi-kashi ni kaɗai, Anti ma ta kasa nata ba tare da ta ga nawa ba, sannan muka haɗa muka ga inda muka saɓa. Mun yi musu sosai a kan wasu, misali wanda ya ce "sai wanda oga ke so ake canza wa rana", ni na sa shi a matsalar sufabaiza ita ta sa a matsalar jadawali, ƙarshe muka yarda ya shiga duka biyun. Maganar kuɗi ta fito fa, kar a ce na ɓoye, kusan kowa ya taɓo ta kuma gaskiyarsu ne albashin ba wani abun kirki ba ne. Amma in aka zo labarin ranar da zuciya ta juya, tarin takardun jadawali ya fi kowane tsawo nesa ba kusa ba.

Anti ta ce saura ka je ka zauna a cikinsu ka gani da idonka. Na ɗauki kujera na koma sashen. Farkon zuwana kowa ya zama na kirki, babu mai hira, sufabaiza na ta murmushi yana sannu da aiki sannu da aiki. Wannan ma sananne ne, daga masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago aka samo labarin, inda aka yi ta gwaje-gwaje daga 1924 zuwa 1932, aka ce ko an ƙara hasken fitila ko an rage aiki ƙaruwa yake don ma'aikatan sun san ana kallonsu. Daga baya masu bincike sun koma kan ainihin alƙaluman fitilar suka ga abun bai kai yadda ake zuzuta shi ba, amma duk wanda oga ya taɓa tsaya masa a ka ya san mutum na canzawa in ana kallonsa. Maganinsa kawai ka daɗe har a gaji da kai. Da aka saba da ni aka koma harka, sai na fara lura da takardar jadawalin da ke manne jikin bango, an soke suna da biro an rubuta wani, an sake sokewa, wani wurin har takardar ta huje. Mai son musanya rana sai ya bi sufabaiza har waje yana ƙasa da murya, mai baki da sabo ya samu, sabon zuwa mai kunya ya haƙura. Kuma sababbin nan su ne ke tafiya.

Da na zauna da shi sufabaizan sai na ga shi ma abin tausayi ne. Hasashen yawan kiran da za a samu daga wani ofis yake zuwa masa, kuma ba ya zuwa sai a ƙurarren lokaci, ya buɗe min Excel ɗinsa ya ce duba, jiya da yamma aka turo min wannan, ya kake so in yi? Da rahoton ya tsaya a kan hirar waya kawai da shi za a rataya wa laifin gaba ɗaya.

Ranar mitin manaja ya saurara yana juya biro, da na gama ya ce mutum nawa kuka yi magana da su? Na faɗa. Ya ce a kan waɗannan 'yan tsirarun zan juya tsarin sashe guda? Tambayar tana kan hanya gaskiya, hira tana nuna maka inda za ka duba ne, ba ta isa hujjar cewa in an gyara abun za a daina tafiya ba. Anti ta ce ranka ya daɗe ba mu ce a juya komai ba, a gwada a wasu rukunai a bar sauran yadda suke, in bai yi ba an huta. Ta kawo masa misalin shagunan tufafi na Gap a San Faransisko da Shikago, shaguna 28, inda masu bincike daga jami'o'i suka gwada daidaita lokutan aiki a wasu a 2015 zuwa 2016, ciniki ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100 a inda aka gwada. Jin kalmar ciniki ya ajiye biron.

Sai ya ce to a fara da rukunin wane, su ne masu ƙoƙari. Nan fa aka ja. In ka zaɓi waɗanda dama sun fi kowa, duk kyan da sakamako ya yi ba ka san ko tsarin ne ko mutanen ba. Anti ta kawo na kamfanin Ctrip a Shanghai, su ma masu amsa kira ne irin namu, da suka so gwada aiki daga gida tare da Nicholas Bloom na Stanford ba su bar manaja ya zaɓa ba, cikin waɗanda suka nuna suna so aka raba su da ranar haihuwa, masu 2, 4, 6 gefe guda masu 1, 3, 5 gefe guda, aka yi wata 9, na gida aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100 kuma barin aiki a cikinsu ya ragu da kusan rabi. Mu ba aiki daga gida muke gwadawa ba, hanyar rabon muka ara. Muka rubuta sunayen rukunai a takarda muka nannaɗe, aka kira wani daga wani sashe ya ɗiba a gaban kowa. Muka kuma rubuta tun kafin a fara abin da za mu auna, makara, fashin aiki, yawan kiran da aka amsa, da ajiye aiki, manaja ya sa hannu, don kar a zo ƙarshe kowa ya tsinci lambar da ta masa daɗi.

Tsarin gwajin ba wani abu mai wuya ba ne. Jadawali ya fito mako biyu kafin lokaci, ba a taɓa shi sai da yardar mai ranar, musanya kuma tsakanin ma'aikata biyu su daidaita su rubuta a wuri ɗaya da kowa ke gani, sufabaiza ya tabbatar kawai. Wahalar tana wurin ofishin hasashe, sai da manaja da kansa ya taka ya je kafin suka yarda su riƙa turo nasu da wuri ko da bai cika daidai ba. Makonnin farko an sha rikici, rana guda kira ya yi yawa babu isassun mutane, sufabaiza ya zo min a fusace ya ce ga irin abin da kuka jawo. Rukunan da ba sa cikin gwajin kuma suka fara ƙorafi, me ya sa su, har wani sufabaizan ya fara kwaikwayon tsarin a ɓoye don mutanensa sun dame shi, wanda hakan ya ɗan dagula mana kwatancen, dole muka rubuta shi a rahoto yadda ya faru.

Da wa'adin ya cika, makara da kiran nan na "yau ba na jin daɗi" sun ragu a rukunan gwaji ƙarara, ko ba ka iya lissafi ba ka kalli layukan biyu ka gani. Yawan kiran da ake amsawa bai motsa ba, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ajiye aiki ya fi ƙasa a wurinsu, amma mutanen da suka tafi a ɓangarorin biyu ba su da yawan da za a gina hukunci a kai, mutum biyu su canza shawara lissafin ya juye. Manaja, wanda a da bai yarda ba, yanzu shi ke so a rubuta wa na sama cewa an magance matsalar. Anti ta ce ranka ya daɗe a rubuta abin da aka gani, in aka cika baki shekara ta zagayo lamba ta ƙi, ba za su sake sauraronmu ba. Aka rubuta yadda ta ce, da sakin layi guda a kan albashi wanda ya so a cire muka roƙa aka bari.

Mun tara ma'aikatan sashen muka karanta musu sakamakon tun kafin ya wuce sama, har da abin da ba a samu ba, tunda su suka ba da lokacinsu. Yanzu duk rukunai jadawalin mako biyu suke bi. An cire suna da sa hannun sufabaiza daga fom ɗin shekara, kuma duk wanda ya ajiye aiki ana bari ya ɗan huta sannan wani da ba shugabansa ba ya kira shi da waccan tambayar ta ranar da ya fara tunanin tafiya. Maganar albashi tana sama har yau ba amsa. Wata sabuwa kuma ta ɓullo daga musanyar, tsofaffin hannu sun iya daidaitawa a junansu suna kwashe ranaku masu daɗi, sababbi na ƙarewa da daren ƙarshen mako, Anti ta riga ta fara rubuta tambayoyin da za mu yi wa sababbin, wannan karon tun suna watansu na farko.